Agogon Sultana

Litinin, 2 ga Disamba, bayan La'asar

Agogon Sultana ya tsaya.

Na sauka gareji da safe in tayar da ita, tsohuwar motata, ko don ta san ba a manta da ita ba. Na murɗa makulli, ko tari ba ta yi ba. Ashe ranar da na kai matata Fikriyya asibiti ban ja ƙofar baya da kyau ba, 'yar fitilar ciki ta yi ta ci ba dare ba rana har ta shanye batir. Na kai an yi masa caji, na mayar. Inji ya tashi, fitilu suka kama, hon ya yi irin kukan da ya saba yi wa amare. Agogo ne kaɗai ya ƙi.

A tatsuniyoyin kakata, in wani abu ya sami mutanen gida, agogon bango yakan tsaya a daidai lokacin, don masu zuwa jaje su sami abin nunawa da yatsa. Nawa ba shi da wannan ladabin. Ya tsaya a tara saura kwata, ni kuwa ban san abin da ya taɓa samuna a tara saura kwata ba, in ba aski ba.

Shekara arba'in da 'yan kai ina kai amaren Iskandariyya gidan miji a motar nan. 'Yar Amurka ce, ta ƙarshen shekarun hamsin, launin madara, doguwa, sai ka gaishe ta sau biyu kafin ta gama wuce ka. Yanzu ni da ita mun yi ritaya. Ranar Juma'a kawai muke fita, ni da ita da Fikriyya, mu bi bakin teku a hankali muna tare wa samari hanya.

Na je asibiti da azahar. Na dawo. Idon Fikriyya a buɗe yake. Nagwa, 'yarmu, da ta baro miji da yara a Alƙahira take kwana a wurinta, ta ce ta karɓi miya kaɗan.

Talata, 3 ga Disamba, hantsi

Na shiga ƙarƙashin allon gaban mota, kai a ƙasa, ƙafafu a kan kujera, yadda rabona da yi tun ina da baƙin gashi. Bayana ya faɗa mini ra'ayinsa.

Abin gwajina tun na ubangidana ne: ɗan kwan fitila mai waya biyu. Ɗaya a jikin ƙarfen mota, ɗaya a bayan agogo. In ya kama, wuta tana isowa. Ya kama. Na duba fis, lafiyarsa lau. Na kankare inda agogon ke haɗuwa da jikin mota, ko tsatsa ce ta shiga tsakani, don gishirin garin nan ba ya barin ƙarfe biyu su yi zumunci. Shiru. Ciwon a ciki yake ke nan. Wuta tana zuwa har bakin ƙofa, babu mai buɗe mata.

Na daɗe kwance a wurin da fitilar a hannuna.

Ana ce masa agogon lantarki, amma rabin gaskiya ce. Cikinsa irin na kakanni ne, da sifirin da 'yan ƙafafu masu haƙora. Aikin wutar ɗaya ne: duk bayan minti biyu ko uku, in sifirin ya saki, wasu leɓɓan ƙarfe biyu su haɗu, wuta ta wuce, ta fizge shi ta sake ɗaure shi. Sai ka ji ƙwas. Fikriyya takan ce, "Si Hilmi, tsohonka ya yi gyaran murya."

Na kwance shi, na hau da shi sama a aljihu.

Laraba, 4 ga Disamba, yamma

Na je. Na dawo.

Alhamis, 5 ga Disamba, bayan Magariba

Nagwa ta zo gida yin wanka da ɗaukar kaya. Ta tsaya a ƙofar kicin, gyale a hannu.

"Baba, mene ne wannan a kan teburin cin abinci?"

"Agogo."

"Na ga agogo ne. Mama tana can kwance, kai kana nan kana wasa da sukurori."

"Awa ɗaya suke ba mai ziyara, 'yata. Sauran wunin fa, in kai shi ina?"

Ta zauna. Ta faɗi abin da likita ya ce. Ba zan rubuta shi a nan ba, shi ya riga ya rubuta nasa. Abin da ya maƙale mini a kunne shi ne na ƙarshe: in an sallame ta, Nagwa za ta tafi da ita Alƙahira. Akwai ɗaki, akwai mai jinya, gidansu ba a hawa bene da ƙafa. Ni ma in ina so in bi su.

Na ce, "Uwarki ba ta taɓa kwana inda ba ta jin teku ba."

"Ba ta san inda take ba, Baba. Ba ta san ni ba. Ba ta san..." Sai ta tsaya, ta shiga ninke gyalen.

"Ta sani."

"To ka nuna mini. Alama ɗaya tak. Wallahi in na ga ta san wani abu, ni da kaina zan goyo ta in hau da ita benen nan."

Na tattara sukurorin a cikin faranti don ta sami wurin ajiye kofi.

Asabar, 7 ga Disamba, bayan Azahar

Na kai agogon unguwar Attarin wurin Mitri. Mitri mai gyaran agogo ne, abokina tun muna maƙale wa bayan taragu ba tikiti. Hannunsa yanzu rawa yake, ya daina taɓa aiki. Yana buɗe shagon ne kawai don kada matarsa ta aike shi kasuwa.

"Maraba da direban amare! Wa ka aurar yau, ya Usta?" in ji shi, da laƙabin da ake yi wa direbobi a garin nan.

"Na zo ne in ga ko ka mutu, in gaji gilashin idonka."

"Ka makara, na yi wa kyanwa wasiyyarsa."

Sai ya rage murya ya ce, "Umm Nagwa fa?" Na ce tana nan. Ya ce matarsa ta kunna mata kyandir a coci. Na ce Allah ya saka mata. Ba mu ƙara a kan wannan ba.

Ya tura mini kujerarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Ni ido, kai hannu. Kuma ka riƙe shi kamar agogo, ba kamar sitiyari ba."

Na ɗaga bakin gwangwanin agogon a hankali da ƙaramin sukudireba, ina zagayawa, shi yana huci a kunnena. Da ya buɗe, ƙauri ya fara gaishe mu. Leɓɓan nan biyu sun yi baƙi, sun manne da juna. Can gefe, inda wani ɗan ƙarfe ya kamata ya kasance a liƙe da dalma, dalmar ta narke ta sake shi.

Mitri ya ce batir mai ƙarfi ba ya cutar da irin agogon nan, mataccen batir ma ba ruwansa. Mai mutuwa a hankali shi ne mugu. Leɓɓan su haɗu suna jiran a fizge su, wutar ba ta isa ba, sai su zauna manne suna ɗaukar zafi.

"Da ka cire waya ranar da ka ajiye ta."

"Ranar ba waya nake tunani ba."

Ya leƙa waje ya ƙwala wa mai shayi kira, da zagin da ya fi ƙarfin shayi biyu.

Lahadi, 8 ga Disamba, hantsi

Mitri yana coci. Na wanke ƙafafun agogo da fetur da burushin haƙori. Sai da na gama na ga burushin na Fikriyya ne, mai ruwan hoda. Zan saya mata wani. Za ta ce ba irinsa ba ne.

Litinin, 9 ga Disamba, bayan La'asar

Na goge leɓɓan da ɗan siririn magagari har suka yi fari. Mai kuwa da bakin allura ake sa shi, ɗigo a nan, ɗigo a can. Ni da na saba zuba mai da gwangwani, sai da Mitri ya riƙe mini gwiwar hannu.

Da aka zo liƙi na fito da dalmata daga aljihu, wadda nake haɗa wayoyin fitila da ita. Ya buge mini hannu. Hannun da ba ya iya riƙe kofi, ya sami nawa daidai.

"Jaki! Wannan ba ta narkewa sai gida ya kama da wuta. Ta wurin nan an yi ta ne don ta narke da wuri. Da ba ta narke ba, da naɗin wayar ya ƙone, da yanzu kana sayen agogon roba mai hoton fure."

Ya tona wani tsohon gwangwanin taba, ya fito da ɗan guntun dalma bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ce tun zamanin ubansa take. Na liƙa. Ya duba da gilashi ya daɗe, ya ce, "Mummuna, amma za ta riƙe. Kamar kai."

Na je. Na dawo. An aske mata gefen gashi, ba wanda ya tambaye ni.

Talata, 10 ga Disamba, wajen azahar

Guguwar hunturu ta sauka tun asuba. Teku yana tsallako katanga yana wanke titi, tagogi suna ta kaɗawa. Masunta sun ce wannan ba ta wuce kwana kaɗan. Ko ina cikin gidan ɗiga yake, na rasa inda Fikriyya take ajiye robobin tarar ruwa.

A irin wannan ruwan aka ɗaura mana aure. Sultana a lokacin ta ubangidana ce. Ya ba ni aronta in ɗauko tawa amaryar, da sharaɗin in fara sauke ta wasu a unguwar Bahari. Dangin waccan amaryar suka ce sai an zaga da ita dandalin masallacin Abul Abbas, aka zaga. Suka ce a sake, kakarta ba ta gani ba, aka sake. Suka ce direba ba zai tafi bai sha abin sanyi ba. Ni kuwa ban iya ƙin mutane ba.

Da na isa gidansu Fikriyya, masu kiɗa sun gaji sun zauna suna cin abinci, ubanta yana bakin ƙofa da sanda, ba don ciwon ƙafa ba. Ta fito, kwalli ya fara bin kumatu. Ta ƙi kujerar baya ta amare, ta buɗe gaba ta zauna kusa da ni. Muka hau titin bakin teku. Can sai ta nuna agogo da haɓa.

"Wannan daidai yake?"

Na ce, "Daidai yake, kamar rediyo."

Ta ce, "Uhm."

Shi ke nan faɗan da aka yi mini. Tun daga ranar kuwa ban ƙara sa amarya jira ba. A tambayi duk Iskandariyya: Usta Hilmi yana bakin ƙofa kafin a gama ɗaura mayafi.

Laraba, 11 ga Disamba, yamma

Na gaya mata agogo ya kusa tashi. Tana kallon taga.

Alhamis, 12 ga Disamba, bayan La'asar

Na aro ɗan batirin babur wurin maƙwabci, na ɗora a teburin kicin. Waya ɗaya a jikin gwangwani, ɗaya a baya. Na yi bisimilla na taɓa.

Ƙwas.

Sai wata ƙaramar ƙafa a ciki ta fara lilo, ta ci gaba. Na zauna ina jira, ko sau ɗaya zai yi ya mutu. Shayina ya huce. Ƙwas. Na saita shi da rediyo, na bar shi.

Gidan ya sami mai magana. Na kama kaina ina ce masa sannu.

Juma'a, 13 ga Disamba, bayan sallah

Ya koma halinsa. Wuni ɗaya, har ya tsere wa rediyo.

Haka yake tun da na san shi a hannuna. Ba na ɗaura agogon hannu, yana cin mini gashi, da wannan nake aiki. Duk Juma'a da safe in saita shi da rediyo, in mayar da shi baya. Kafin Alhamis, ranar da amare suka fi yawa, ya yi gaba da kusan rabin awa. Kuma ba ya tsayawa a kan ƙa'ida ɗaya balle in san nawa zan cire, dole in tashi daga wurin wasan domino da wuri, in bar abokai suna mini dariya. Sau nawa na kai wa Mitri, ya gyara, ya ce iskar teku ce. Wata biyu ya dawo da gudunsa.

Na zata wanki da mai za su raba shi da wannan. Ashe a jini yake.

Ba mu fita yau ba. Mai gasasshen dankalin da muke tsayawa wurinsa duk Juma'a zai zata mun mutu.

Asabar, 14 ga Disamba, bayan Azahar

Na dire shi a gaban Mitri na ce, "Ga ɗanka, har yanzu gudu yake, kuma a kicin ɗina babu iskar teku."

Ya daɗe yana goge gilashi. Sai ya miƙo mini.

"Sa a idonka. Ka ga wani ɗan hannu kusa da ƙafar da ke lilo? Shi ke ƙara sauri ko ragewa. Ina yake?"

"Ya kai ƙarshe. Ya jingina da bango."

"Ta wane gefe?"

"Na sauri."

"To ja kan murɗin nan na saita lokaci, ka tura gaba, ka zuba ido."

Na ja, na murɗa. Wani ɗan haƙori ya zo ya tunkuɗi hannun nan, yana son ya ƙara tura shi, babu sauran wuri.

Mitri ya ce, "Amurkawa ba sa son zuwa wurin mai gyara, sai suka yi agogo mai jin magana. In ka tura shi gaba, ya ce ashe nawa nake yi, ya ƙara sauri kaɗan. In ka mayar da shi baya, ya rage."

"Ni baya nake mayarwa. Duk Juma'a."

"Na sani."

"To ai da ya zama mai nawa."

"Da ya zama."

"Ko canjin lokacin gwamnati ne na rani?"

"Wannan sau ɗaya gaba, sau ɗaya baya. Sun kashe juna."

Na cire gilashin na dube shi. "Mitri, kai ka ce mini iskar teku ce."

"Iskar teku ce mana. Irin wadda ke saukowa gareji kowace safiya da fulas ɗin shayi da tsumman goge gilashi, kai kana gaba ka buɗe inji kana duba ruwa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba, a shagon da agogo ya fi ɗari.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun zuwanka na farko. Umm Nagwa ta riga ka zuwa. Kana tsammani gwangwanin biskit ɗin da take aiko mini duk sallah don kyawuna ne?"

"Munafiki. Shekara arba'in!"

"Kai ne direban da bai taɓa makara ba, ya Usta. Wa zai taɓa maka wannan?"

Na tambaye shi me ya sa yau ya faɗa. Ya ce hannuna ne a ciki, ba nasa ba. Ya koma goge gilashin da ba shi da datti.

Na ce, "In mayar da hannun tsakiya?"

"Agogonka ne."

Na mayar.

Lahadi, 15 ga Disamba, yamma

A barandar asibiti na tambayi Nagwa ko ta san wani abu game da agogon mota. Ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin abin nan, har wata mai jinya ta leƙo.

"Baba! Sai yanzu? Har mai gadin gidanmu ya sani!"

"Ke ma?"

"Tun ina ƙarama. Ranar Juma'a, in ka sauka sayo mana dankali, kana juya baya sai ta ja ta murɗa, ta waiwayo ta ɗora mini yatsa a baki. Minti biyar, ba ta ƙarawa. Ta ce in ya fi haka za ka gane, in bai kai ba kuma ba zai ishe ka ba."

"Wato da safe in gyara, kafin la'asar ta ɓata."

"Ta ce kai ne kake ɓatawa, ita take gyarawa."

Dariyar ta ci gaba kaɗan, sai ta juye ta zama wani abu. Ta ce bari ta wanko fuska.

Na shiga na zauna. Na riƙe hannun dama, wanda ba ya riƙe ni. Na so in ce mata na gane. Ban faɗa ba. Ba a yi wa mutum haka yana kwance.

Litinin, 16 ga Disamba, hantsi

Daidai yake da rediyo.

Talata, 17 ga Disamba, bayan Magariba

Daidai yake da rediyo. Na makara.

Na dube shi a kan tebur, raina ya ce da saura, ai wannan gaba yake. Na ƙara shayi. Na goge takalmi. Da na isa, mai jinya ta ce, "Ya Hagg, saura kaɗan a rufe, ina ka tsaya?" Ashe duk shekarun nan ina rage masa wani abu a zuciyata ban san ina yi ba. Ita tana ƙarawa, ni ina ragewa, a tsakani amaren gari suka isa gida a kan lokaci.

Nagwa ta ce tun da aka buɗe ƙofa idon uwarta yake wajen. Sai kuma ta ce, "Ko da yake kullum wani wuri take kallo."

Za a sallame ta jibi. Mijin Nagwa zai turo mota ranar Juma'a da safe. Kwana ɗaya za ta yi a gida.

Laraba, 18 ga Disamba, bayan La'asar

Na mayar da agogo wurinsa. Na sake gwada wayar da fitilata kafin in haɗa, na ɗaure gwangwanin, na goge gilashin da tsummanta. Na wanke Sultana ciki da waje, na sa mata turare, kamar za a ɗauko amarya.

Nagwa ta ce motar asibiti ta fi. Na ce ni na kai ta, ni zan dawo da ita. Ta ce to a kwantar da ita a baya. Na ce uwarki ko ranar aurenta ba ta zauna a baya ba.

Ta ce, "Baba, kada ka sa rai da wani abu."

Na ce dankali kawai zan saya.

Alhamis, 19 ga Disamba, ƙarfe shida da minti biyar, in ji Sultana

Maza biyu suka ɗago Fikriyya daga keken asibiti suka zaunar da ita a gaba. Ba ta da nauyi. Na gyara mata mayafi, na ɗora hannun daman a cinyarta, Nagwa ta shiga baya da jakunkuna.

Na hau titin bakin teku. Guguwa ta wuce, ruwan ya kwanta, rana tana gefe. Alhamis ce, motocin amare suna wuce mu da furanni da hon, wani yaron direba ya ɗaga mini hannu. Agogo ya ce ƙwas. Na saci kallonta. Ba ta juyo ba. Ya sake cewa ƙwas wajen unguwar Shatbi. Ba ta juyo ba. Na ji Nagwa ta sauke numfashi a bayana, irin na wanda ya riga ya faɗa maka.

Na tsaya inda muka saba, gaban amalanken mai dankali. Na ce, "Nagwa, ƙarfe nawa a wayarki?" Ta faɗa. Na dubi agogo, bakinsu ɗaya. Na ce da ƙarfi, yadda nake faɗa duk Juma'a, "Bari in sayo mana dankali, Umm Nagwa. Kada ki gudu da motar." Na fita.

Mai dankali ya ce, "Usta Hilmi! Na ce ko kun koma wurin wani ne. Ina Hagga?" Na nuna da babban yatsa ta bayan kafaɗa, ban waiwaya ba. Ya ɗauko ɗaya, na ce ya ƙone. Ya ɗauko wani, na ce bai nuna ba. Ya ce, "Yau kuma surukarka za ka kai wa?" Na tambaye shi lafiyar 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ba ya shiri da shi. Shekara arba'in ina juya baya a wurin nan ban sani ba. Yau da sani na juya, kuma ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin wannan ba.

Da na dawo, Nagwa ta toshe baki da hannu biyu, hawaye yana bin yatsunta. Fikriyya tana kallon teku kamar ba ruwanta. Hannun hagunta yana kan cinya, numfashinta sama-sama kamar ta hau bene.

Na dubi agogo. Na ce, "Ƙarfe nawa yanzu?"

Nagwa ta miƙo mini wayar. Agogo ya tsere mata da minti biyar.

"Da hagu, Baba," in ji ta. "Sau uku murɗin yana kuɓuce mata. Na miƙa hannu zan taimaka, ta harare ni. Wallahi ta harare ni! Da ta gama ta ɗora yatsa..."

Na zauna na ja ƙofa, da kyau wannan karon. Na ɓare dankali na hura. Na ƙwanƙwasa gilashin agogon da farce na ce, "Kin gani ko, Umm Nagwa? Mako biyu ina wahala a kansa, ya sake lalacewa. Mitri ya ce iskar teku ce."

Gefe ɗaya na bakinta ya motsa. Na san wannan motsin. Shi ne uhm ɗin nan.

A ƙofar gida Nagwa ta kira mijinta, ta ce kada motar ta zo gobe, za ta zauna da mu wata guda a gani. Ya yi ta magana, ta ce, "Na ce a gani." Goyon kuwa ba ta iya ba, mai gadi da maƙwabci ne suka hau da ita a kan kujera, Nagwa tana bin su tana ba da umarni. Na tuna mata rantsuwarta, ta ce za ta yi kaffara.

Yanzu tana ɗakinta, an buɗe mata tagar da ke jin teku. Ba ta yi magana ba. Wataƙila ba za ta yi ba, likita ya san aikinsa.

Gobe Juma'a. Zan sauka da safe in kunna rediyo, in mayar da agogo baya, in bar mata aikinta.